Shekara Tara Yana Aiki da Sunana

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Isuhu, kuma sai bana na iya zama in rubuta wani abu a kansa. Kowace shekara idan kaka ta yi, ganyen itatuwan Paris ya fara zuba, nakan ɗauki alƙalami in sake ajiyewa. Abin faɗa yana nan da yawa. Matsalar ita ce duk ta inda na ɗauko labarin mutumin nan sai in iske kaina a tsakiyarsa, a wurin da ba wanda zai so a gan shi.

Isuhu ɗan wan mahaifina ne. Gida ɗaya muka tashi a Damagaram, ya girme ni da shekara shida. Shi ya riƙa goya ni a keke zuwa makarantar boko, makarantar da shi bai shiga ba, don shi allo ya yi, ya sauke, ya kama ɗinki a kasuwa. Ni boko ya kawo ni Faransa. Na yi karatu a Saint-Denis, na gama, na samu aikin koyar da lissafi da katin zama mai izinin aiki. Shi kuwa ya biyo ni a farkon shekarun dubu biyu da bizar wata uku, da niyyar ya yi shekara biyu ya samu na kekunan ɗinki ya koma. Ya baro matarsa da 'yarsa ɗaya tilo, Zainabu, tana da shekara biyu. Biza ta ƙare, ya zama marar takardu. Wanda ba shi da takardu kuwa zai iya fita ƙasar nan duk ranar da ya ga dama, amma in ya fita ba zai dawo ba. Daga ranar burin Isuhu ya zama ɗaya: ya samu kati, ya je ya ga 'yarsa, ya dawo bakin aikinsa.

Ga mai karatu da bai san zaman nan ba, bari in fayyace abu ɗaya. Marar takardu ba a ɗaukarsa aiki, amma aikin yana nan yana jiran hannu. Shi ya sa mutanenmu suka saba da aron suna: mai kati ya ba ɗan'uwansa, ɗan'uwan ya je ya nemi aiki a matsayin mai katin. Ni da Isuhu Allah ya yi mu da goshi iri ɗaya da wushirya iri ɗaya, masu ɗaukar ma'aikatan wanki kuma ba su cika ƙura wa fuskar baƙar fata ido ba. Ni na kawo shawarar da bakina, wannan ba zan ɓoye ba. Na miƙa masa katin mai ɗauke da sunana, Lawali, ina jin kaina wani babban mai taimako, har ina tsokanarsa cewa ya riƙe sunan da kyau kada ya ɓata mini shi. Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, zai dawo mini da shi a wanke a goge.

Wani dattijo ɗan Chadi, Alhaji Musa, mai shagon nama a Les Minguettes, unguwar dogayen benaye da ke kudancin Lyon, shi ya yi masa hanyar aiki, ya kuma ba shi ɗaki. Aikin a jiragen ruwan yawon buɗe ido ne, masu bin kogin Rhône. Tsofaffin Turawa sukan shiga a Lyon, jirgi ya gangara da su kudu, Vienne, Tournon, Viviers, Avignon, Arles, ya juyo cikin mako guda. Wani makon a yi arewa ta kogin Saône zuwa Mâcon da Chalon. Haka ake yi daga ƙarshen sanyi har kaka. Fasinjoji suna sama a kujerun shan iska suna kallon gonakin inabi, Isuhu yana can ƙasan jirgi a ɗakin wanki, tsakanin injuna da teburin guga, yana fama da zannuwan gado da tawul. A ƙarshen shekara wani lokaci akan tura shi jirgin da ke bin kogin Seine daga Paris zuwa Rouen, a nan ne muke samun ganin juna sosai.

A jiragen nan akwai wata al'ada. Kowace yamma akan tura wa fasinjoji takarda ta ƙarƙashin ƙofa, mai tsarin gobe: kwanan wata, garin da za a tsaya, ƙarfe nawa za a isa, ƙarfe nawa za a tashi, abin da za a ci. Washegari takardun suna kwandon shara. Isuhu ya fara tsintar ɗaya kullum, kuma saboda sallah ya fara. Jirgi a kogi ba ya fuskantar wuri ɗaya, kogin yana lanƙwasa, in an zo tsayawa kuma sai a juya hancin jirgin. Ya sayi ɗan kamfas mai nuna alƙibla, ƙarfen jirgi ya rikita allurar, tana ta rawa. Sai ya koma dabarar gida. In an tsaya sai ya hau sama ya dubi rana, ya sauko ya rubuta da ajami a bayan takardar ranar. A Tournon alƙibla tana wajen injin busarwa. A Avignon, in an ɗaure jirgi ta hagu, tana bayan ƙofa. In an dawo garin ba sai ya sake hawa ba. Sannu a hankali ya shiga ƙara wasu abubuwan a ƙasa: an yi ruwa, kogi ya cika an kasa wuce gada, azumi ya kai goma, yau Zainabu ta shiga makaranta.

Yanzu in na ga yaranmu suna ɗaga waya ta nuna musu alƙibla cikin ƙiftawar ido, nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Na san zai karɓi wayar ya jujjuya, ya ce to madalla, sannan ya faki ido ya leƙa taga ya dubi rana don ya tabbatar. An gaya mini jiragen ma da yawa sun daina buga takardun, sai a allon talabijin na ɗaki ake nuna tsarin gobe, jibi ya goge. Da a wannan zamanin ya zo, da ko abin tsinta bai samu ba.

Sau ɗaya na kai masa ziyara a bakin kogi a Lyon, ranar da ake sauke fasinjoji ana ɗaukar wasu. Ya fito da rigar aiki fara, da ɗan katin roba maƙale a ƙirji, hotonsa a sama, sunana a ƙasa. Muna tsaye muna gaisawa wani Bature mai dafa abinci ya leƙo ya kira Lawali, mu biyu muka juya. Isuhu ko gezau bai yi ba, ya dafa kafaɗata ya ce wa Baturen wannan ƙanensa ne, sunansa Isuhu. Muka yi ta dariya a mota har Minguettes. Alhaji Musa da ya ji labarin ya ce mu dai yi hattara kada mala'iku su rikice wajen rubutu. A lokacin abin ya ba ni dariya ƙwarai.

Shekaru suka tafi. Shekara biyun da ya ɗiba ta zama biyar, ta zama bakwai. Sai magana ta bazu cikin mutanenmu cewa wanda ya cika shekara goma a ƙasar, in yana da shaidar kowace shekara a rubuce, ana iya duba lamarinsa a ba shi kati. Wasu hankalinsu ya tashi, don ba su ajiye ko tikitin mota ba. Isuhu kuwa murna ta kama shi, har ya kira ni a waya yana cewa shi ai ba shaidar shekara kawai gare shi ba, shaidar kowace rana gare shi. Ya zauna a lokacin hutun sanyi ya jera takardun nan bi da bi, kowace shekara ɗauri ɗaya, ya ɗaure da tsumman tsohon zanen gado, ya shirya su a akwati. Ya ɗauki akwatin a bas zuwa wata ƙungiya a Lyon da ke taimakon baƙi wajen cike takardu.

Wata tsohuwar Baturiya ce ta karɓe shi. Alhaji Musa, wanda ya raka shi don ya yi tafinta, ya ce matar ta daɗe tana buɗe ɗaurin nan ɗaya bayan ɗaya, ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya adana abu haka ba. Sannan ta cire tabarau ta gaya masa gaskiya: takardun sun nuna cewa jirgi ya yi tafiya, ba su nuna cewa shi ya yi ba. Babu sunansa a ko ɗaya. Takardun aikin da ke da suna kuwa, duk Lawali ne a kansu. A idon hukuma mutumin da ake kira Isuhu ya sauka a filin jirgin sama shekara bakwai da suka wuce, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Amma ta nuna masa hanya. Kamfanin jirgi zai iya rubuta wasiƙa cewa ma'aikacin da suka sani da sunan Lawali shi ne Isuhu, da wannan sai duk shekarun su koma kansa. Shugaban ma'aikatan jirgin, wanda ke yabon aikinsa, ya yarda zai sa hannu, da sharaɗi ɗaya: mai sunan na ainihi ya rubuta da hannunsa cewa shi ya ba da aro da saninsa, don kada laifin ya tsaya a kan kamfani kaɗai.

Ya zo gidana a Saint-Denis wata Juma'a cikin sanyi. Muka ci abinci, muka sha shayi, ya tambayi lafiyar matata da yara ɗaya bayan ɗaya, ya ba da labarin kogi da na fasinjoji, ya ɗauko labarin gida. Sai da ya miƙe zai tafi, yana sa takalmi a bakin ƙofa, kansa a sunkuye, sannan ya yi maganar da ta kawo shi.

"Lawali, akwai wata 'yar takarda da suka ce sai kai. Layi ukku ne, ba ta da yawa."

Na riga na san takardar, Alhaji Musa ya kira ni tun kafin ya iso. Na kuma riga na shirya amsata, don a lokacin na shigar da takardun neman zama ɗan ƙasa.

"Yaya, dosiyena na neman zama ɗan ƙasa yana buro, hannun hukuma, yanzu haka. In suka ga wannan, ni da kai duka mun nutse. Bari nawa ya hito, sai in tsaya maka da ƙafa biyu."

Ya gama ɗaura igiyar takalminsa, ya ɗago ya dube ni.

"Gaskiyarka. A dakata."

Bayan shekara ya sake taɓo maganar a waya, cikin kewaye-kewaye, na ce har yanzu shiru, ya ce Allah ya sa a ji alheri. Daga baya nawa ya fito. Na karɓi fasfo na Faransa, aka yi walima, Yaya ya hau jirgin ƙasa tun daga Lyon ya zo ya taya ni murna, ya riƙe fasfon da hannu biyu yana shafa bangon. Da ya tuna mini alƙawari, sai na fito da sabon dalili. Wani ya ce mini wai a shekara biyun farko ana iya ƙwace zama ɗan ƙasa in aka gano mutum ya ɓoye wani abu. Ban je wurin lauya na tambaya ba, ban je wurin tsohuwar nan ta Lyon ba. Ban tambayi kowa ba, don ina tsoron a ce mini abin mai sauƙi ne. Na ce masa a ƙara haƙuri kaɗan, ya ce ba komai.

Da sabon fasfon na tafi gida hutu. Na ga Zainabu, ta zama 'yar budurwa mai wushiryar gidanmu, na ɗauke ta hotuna na kawo masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni tsawonta ya kai ina. Na nuna masa ƙirjina. Ya miƙe tsaye ya sa tafin hannu a nasa ƙirjin, daidai wurin. Ban san inda zan sa idona ba, sai na shiga ba shi labarin tsadar gero.

A nan ne nake jin haushin kowa, har da shi. Mutanenmu suna yabon kara, a ce wane mai kara ne, ba ya iya matsa wa ɗan'uwa. Ni na ga abin da kara take yi wa mai ita. Da Isuhu ya ɗaga waya sau ɗaya ya kai ƙarata wurin mahaifina, da kafin la'asar na rubuta takardar nan har da ban haƙuri. Da ya daka mini tsawa a bakin ƙofar nan, ya tuna mini keken da ya goya ni, da kunya ta sa na yi. Bai yi ba, ya bar ni da halina, halina kuwa bai kai ba. Ina jin haushin majalisarmu ta Paris da ta Lyon, inda kowa ya san maganar, kowa ya yi kunnen uwar shegu, ana ba ni wurin zama a gaba ana kira na Malam. Ina jin haushin ƙasar da za ta kwana a zanen gadon da mutum ya wanke shekara tara, ta wayi gari ta ce ya kawo shaidar yana nan. Amma duk in na gama rabon haushin, kaso mafi girma gabana yake dawowa.

A kakar shekararsa ta tara a kogi, saura mako biyu jirage su tafi hutu, ya faɗi a ɗakin wanki da hantsi, jirgi na tsaye a wani gari na kudu. Zuciya ce. Aka kai shi asibitin garin, kafin azahar ya cika. Ina makaranta a lokacin hutun cin abinci Alhaji Musa ya kira ni. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya gaya mini rasuwar, ya bari na gama salati, sannan ya ce:

"Malam Lawali, sai ka taho yau. A takardar likita kai ne ka rasu."

Da katin da ke ƙirjinsa aka karɓe shi, da sunan aka rubuta gawar. Ofishin jakadancinmu kuwa ba zai ba da izinin kai gawa gida ba sai da sunan da ke fasfonsa na Nijar. Gawar da ke kwance ta Lawali ce, Lawali kuma yana tsaye da ransa, Isuhu babu shi ko a cikin matattu. In ana so ya koma Damagaram a binne shi kusa da iyayensa, sai mai sunan ya rubuta da hannunsa cewa shi ya ba da aro.

Na rubuta a tsaye, a kan kantar wani ofishi, da alƙalamin da aka ɗaure da igiya. Layi uku ne, kamar yadda ya faɗa. Ban kai minti biyar ba. Ma'aikaciyar ta karanta, ta buga hatimi, ta yi mini ta'aziyya. Bayan wata biyu aka kira ni aka yi mini 'yan tambayoyi, aka ja mini kunne, aka rufe maganar. Fasfona yana aljihuna har yau, ba wanda ya taɓa shi. Abin da na hana mai rai shekara biyu da rabi ke nan.

'Yan'uwa suka haɗa hannu, aka yi masa sutura a Lyon, aka kawo shi Paris. A filin jirgin sama aka miƙa mini takardar rakiyar gawa: daga Paris zuwa Yamai, ranar tashi, lokacin sauka, da sunansa cikakke, nasa da na mahaifinsa, ba kuskure ko na harafi ɗaya. Cikin duk tafiye-tafiyen da ya yi a ƙasar nan, wannan ce kaɗai aka rubuta da sunansa. Ni ina sama a kujera ana miƙo mini abinci, shi yana ƙasan jirgi, inda ya saba. Zainabu tana da shekara goma sha biyu ta ga akwatin da aka ce mata babanta ne a ciki.

Da na dawo Alhaji Musa ya kira ni Minguettes ya ba ni kayansa. Ba su da yawa: tufafi, carbi, Alƙur'ani, katin aikin nan na roba, da akwatin takardu, ɗauri tara. Ya ce shi bai iya karatun ajamin Hausa sosai ba, amma yana ganin ni ya kamata in karanta. Yadda ya faɗi maganar na gane ya karanta abin da ya ishe shi.

Ajamina ya yi tsatsa, na yi wata guda ina harhaɗawa. Yawanci alƙibla ce da ruwan sama da ciwon baya. A ɗauri na bakwai, a bayan takardar farko ta shekarar, ya rubuta cewa ya yi wa Lawali magana, ya ce a dakata. A na takwas, ranar da jirgi ke Mâcon, haka. A na tara, ranar Arles, ya rubuta cewa Lawali ya samu fasfo, alhamdu lillahi, ya ce a ƙara dakatawa. A ƙasan wannan ya rubuta inda alƙibla take. Na bi takardun nan ɗaya ɗaya ina neman inda ya zage ni ko ya kai ƙarata wurin Allah, wallahi da na samu da na ji sauƙi. Ban samu ba.

Shekara bakwai akwatin yana saman kabad ɗina. Kowane hutu ina zuwa gida, kowane hutu Zainabu takan tambaye ni ko babanta ya bar wani abu, in ce akwai 'yan takardu, zan kawo. Na lura da kaina ina gaya wa 'yar abin da na gaya wa uban. A tsakanin nan abubuwa sun sauya. Na ga ma'aikata masu aron suna yanzu suna haɗa kai su nemi irin wannan wasiƙa a fili, ba a bakin ƙofa da sunkuyar da kai ba, wasunsu kuma suna samu. Da Yaya ya gan su, na san ba zai shiga gaba ba, zai ce hayaniyar ta yi yawa. Amma zai dafa musu shayi, in sun samu ya fi su murna.

Bana na kai akwatin, da sauran kayansa da takardar rakiyar gawar a ciki. Zainabu tana da shekara goma sha tara, tana koyar da yara a islamiyya, ajaminta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ta karɓa ta yi godiya ta shige ɗaki. Kwana uku ban gan ta ba, uwarta ta ce tana ciki tana karatu, ko abinci sai an matsa mata. Ni kuwa na sha jinin jikina, ina zaune a zaure ina shirya abin da zan ce. Na shirya bayani a kan dokar Faransa, da tsoro, da yadda zaman baƙunta ke mai da mutum. Rana ta huɗu da safe ta fito ta durƙusa ta gaishe ni, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen Paris. Ta ce ta ga duk garuruwan da babanta ya bi, ta ga ranar da ya rubuta shigarta makaranta, da ranar da aka gaya masa ta yi sauka. Ta ce takardar jirgin sama ta sa ta a cikin Alƙur'aninsa. Ba ta tambaye ni komai ba.

Idan na auna abin da ya rage na Isuhu a ƙasar da ya ba shekara goma, ba shi da yawa. Jiragen suna nan suna hawa da gangara, wani yana ɗakin wanki, wataƙila shi ma da sunan wani. Alhaji Musa ya tsufa, ya bar wa 'ya'yansa shago. A littattafan kamfani har gobe Lawali ne ya yi musu shekara tara ba fashi. Abin da ya rage na gaske yana wani ɗaki a Damagaram: ɗauri tara na takardun da Turawa suka zubar, da rubutun mutumin da duk inda aka juya da shi sai ya nemo gabas, wanda ya riƙe wa ƙanensa mutunci har a takardar da ba ya tsammanin wani zai karanta. Wannan na Zainabu ne, kuma ta karɓa.

Kafin ta tashi a safiyar nan ta ciro katin aikin roba daga cikin mayafinta, da almakashin ɗinkin babanta. A gabana ta yanka shi biyu, a hankali, daidai ƙasan hoton. Ta riƙe rabin da ke da fuskarsa, ta miƙo mini ɗayan da hannu biyu.

"Baba Lawali, ga sunanka. Ya gama da shi. Mun gode da aro."

Na karɓa. Yana nan cikin bangon fasfona, duk inda aka ce in nuna takardu sai na gan shi.